Akwatin Cotman mai kala 12: ya isa zanen fure?

Cotman Sketchers' Pocket Box na kamfanin Winsor & Newton, wanda aka kafa a Landan a 1832, ƙaramin akwatin roba ne da ke shiga aljihu. A ciki akwai ƙananan dunƙulen fentin ruwa 12 da ɗan buroshi, murfin kuma a kansa ake haɗa kala. Don ɗalibai aka yi Cotman, shi ya sa ya fi na ƙwararru araha. Duk inda ka ga Hue a sunan kala, an maye gurbin sinadarin launi mai tsada ne da wani mai rahusa da ya yi kama da shi. Ƙaro ne ke riƙe launin, irin wanda ake samu daga dakwara, don haka fentin da ya bushe a murfi yana sake narkewa da zarar ruwa ya taɓa shi. Kada a wanke shi a banza.

Ga mai son zana fure, akwatin ya ci kuɗinsa, amma yana da giɓi ɗaya babba.

Furen yakuwa ne zai nuna maka ƙarfinsa, wato fure mai hasken rawaya da jan ido a tsakiya. Ɗiga ruwa a kan dunƙulen da za ka yi aiki da su, ka bar su minti biyu zuwa uku, domin fentin ɗalibai ba ya sakin launi nan take. Shafa ruwa zalla a kunnen fure ɗaya. Idan ruwan ya daina kwanciya, takardar tana sheƙi kawai, sai ka bi da Lemon Yellow (rawaya mai haske) da ɗan Yellow Ochre (rawaya mai ƙasa-ƙasa), tsararo kamar ruwan shayi. Daga nan haɗa Alizarin Crimson (ja mai duhu) da ɗigon Ultramarine (shuɗi), ya fi na farko kauri, ka taɓa gindin kunnen da bakin buroshi ka janye hannu. Launin zai bazu da kansa ya laushe. Abin da ke ɓata aikin shi ne buroshi ya fi takarda ruwa: sabon ruwan zai ture launin da ya fara kamawa, ya bar tabo mai kaifin gefe. Matse buroshin a tsumma tukuna. Kuma kada ka fenta kunnuwa biyu da ke maƙwabtaka a jere, tsallake ɗaya har na farko ya bushe, in ba haka ba za su zube cikin juna. Da hunturu iska na shanye ruwan takarda kafin ka gama haɗa kala, saboda haka a haɗa komai kafin a jiƙa.

Giɓin yana wajen ruwan hoda da shunayya mai haske. Jan kadmiyam ɗin akwatin ya karkata zuwa ruwan goro, akwai rawaya a cikinsa, idan ya haɗu da shuɗi sai a samu ruwan ƙasa maimakon shunayya. Alizarin da Ultramarine suna ba da shunayya mai kyau amma mai duhu, ba za ta kai ƙyallin furen bogambiliya ba. Ƙara Chinese White, wato farin fentin akwatin, bai gyara komai, sai dai ya mayar da launin kamar alli, ya kashe hasken takarda, alhali farin takardar shi ne farin fure a wannan sana'a. Shawara ita ce a cire farin a sa Permanent Rose, wato ruwan hoda, a gurbinsa. Ana sayar da shi daban, kuma shi kaɗai yana canza abin da akwatin zai iya.

Koraye biyun suna buƙatar ladabtarwa. Viridian Hue yana da ƙarfi, yana rina takarda, kuma babu ganyen da ke da wannan kalar. Ɗan Burnt Sienna, wato ruwan ƙasa mai ja-ja, yana kwantar da shi. Sap Green da Yellow Ochre sun dace da ganyen da rana ta daka. Babu baƙi a akwatin, kuma ba a rasa komai ba: Ultramarine da Burnt Sienna suna ba da ruwan toka mai rai don inuwar farin fure. Idan za ka ɗora launi a kan launi, bari na ƙasa ya bushe ƙarau, ka shafa sau ɗaya ka wuce. Maimaita shafa yana tayar da na ƙasa, sai kalar ta dagule. A tuna kuma fentin ruwa yana yin haske idan ya bushe.

Buroshin da ya zo da akwatin ya yi ƙanƙanta, jijiyar ganye kawai zai ja. A nemi mai tsini lamba 8 ko 10. Takarda kuwa ta fi fentin muhimmanci: mai kauri, mai nauyin giram 300 a murabba'in mita, ta auduga idan hali ya yi. Ta hoto-kwafi mai giram 80 tana kumbura, ruwa ya taru a kwaruruwa, a ɗora wa fenti laifin da ba nasa ba. Da damina a bar akwatin a buɗe ya bushe kafin a rufe, don kada dunƙulen su yi fumfuna.