Dattijon da ya hana ni sayen namansa a Atina

Ranar wata Alhamis, wajen ƙarfe 1 na rana, shugabar sashenmu ta leƙo ta ce kowa ya rufe kwamfutarsa, yau a ƙafa za a ci abinci. Lokacin sati biyu kacal da fara aikina a wani ofis da ke tsakiyar Atina, babban birnin Girka. Ashe al'adar ofishin ce: sau biyu a wata ana fita gaba ɗaya, a zaga unguwannin tsohon gari, a tsaya nan a ɗan ci wani abu, a matsa gaba a ɗan ci wani, kamfani ya biya, a dawo bakin aiki bayan awa ɗaya da rabi. Mu goma sha ɗaya muka fito, har da yaron da ke gyara mana na'urori da matar da ke share ofis.

Daga dandalin Sintagma muka gangara titin Ermu, wanda mafi yawansa mota ba ta bi. Tsayawar farko wajen wani mai teburi ne da ke sayar da kuluri, burodi ne mai kamar awarwaro da aka lulluɓe da riɗi, kuɗinsa bai kai Yuro 1 ba. Da na gatsa sai ƙamshin riɗin ya mayar da ni kasuwar Maigatari. Gaba kaɗan muka ci sfanakofita, wato alayyafo da cuku a cikin fulawa mai falle-falle kamar takarda. Duk wannan ya yi daɗi, amma ba shi ya sa na zauna rubutu ba.

A kusa da dandalin Monastiraki muka tsaya wajen babban abincin ranar, suflaki. Tsire ne a taƙaice: nama a tsinke, a gasa a kan gawayi, a naɗe shi cikin wata gurasa da suke kira fita, a zuba tumatir da albasa da soyayyen dankali da wani haɗin kindirmo da kokwamba da tafarnuwa mai suna tsatsiki. Wajen Yuro 4 ake sayar da naɗi ɗaya. Tun kafin na zo ƙasar an ja mini kunne cewa suflakin Girkawa yawanci naman alade ne, don haka kalmomi biyu na fara haddacewa: hirino, alade, da kotofulo, kaza. Da layi ya zo kaina na ce kotofulo, na miƙa hannu.

Mai shagon dattijo ne, furfura ta gama cin kansa, hannayensa duk tabon wuta. Ya dube ni, ya dubi katin aikin da ke rataye a wuyana mai ɗauke da sunana, sai ya ajiye tsinken da ya ɗauka. Ya yi magana da Girkanci, wata abokiyar aikina ta fassara mini. Cewa ya yi: "Ɗana, kai Musulmi ne? To kazata a kan ƙarfe ɗaya nake gasa ta da alade, kitsen wannan yana taɓa wancan. Ba zan sayar maka ba tare da ka sani ba." Na ce, "Na gode, baba, ai sai in haƙura." Ya ce a'a, ba a barin mutum da yunwa. Ya bar layin mutane a tsaye, ya fito har bakin titi da rigar aikinsa, ya nuna mini wani shago can gaba inda wani ɗan Masar ke gasa yankan Musulmi. Sannan ya koma ciki ya ɗebo zaitun baƙi irin na Kalamata cikin 'yar takarda ya danƙa mini, ya ƙi karɓar ko sisi. Kerasma suke ce wa irin wannan kyauta ta mai shago ga baƙo.

'Yan'uwa, ku tsaya ku auna abin nan da ni. Mutumin nan ba addinina yake yi ba, bai san ni ba, kuma da ya yi shiru ya naɗe mini kazar nan, har abada ba zan gane ba. Ni da kaina ban tambaya ba. Cinikinsa ya bari ya tafi hannun maƙwabci saboda wani abu da shi bai ɗauke shi haram ba, ni ne na ɗauka. Ina tafiya zuwa shagon ɗan Masar ɗin ƙwalla ta cika mini ido, kuma ban ji kunyar hakan ba.

Tun ranar nake juya abin a raina, kuma duk juyin da na yi gida nake komawa. Sau nawa na tsaya gaban tukuba na tambayi mai nama, "Malam, na yau ne?" ya rantse mini da Allah, na isa gida na tarar kwanan jiya ne aka ɗumama aka bulbule da yaji? Sau nawa aka auna mana hatsi da kwanon da aka bubbuge gindinsa? Man ja a sirka shi, nono a tsuga masa ruwa, tumatir manya a sama ruɓaɓɓu a ƙasan kwando. Mu ne kuma muke da aya sukutum a kan masu tauye mudu, yaranmu na haddace ta tun suna allo. Ban ce babu masu amana a cikinmu ba. Mahautan da mahaifina ya yi shekaru yana sayen nama wajensu, ko a duhu suka yanka maka ba ka da fargaba. Amma mun mayar da ha'inci wayo, wanda aka cuta kuma shi ake yi wa dariya a ce bai iya kasuwa ba. Wannan ɗabi'a tana ci mini tuwo a ƙwarya.

A nan ko kofi ɗaya ka saya sai an ba ka rasit. A shaguna za ka ga sanarwa a manne cewa in ba a ba ka rasit ba, ba dole ne ka biya ba. In ka zauna a gidan abinci, kafin ka buɗe baki an dire maka ruwa, kuma ruwan famfon Atina ana shan sa kai tsaye.

Sai kuma zancen shugabarmu. Matar nan ita ke sa hannu a takardar hutun kowa, amma ita ta riƙe ledar da muke zuba takardun da muka ci abinci, tana tafe tana hira da mai shara kan ciwon gwiwa. Na yi aikin ofis shekara shida a gida kafin na fito. Oga a ɗakinsa yake ci, ƙofa a rufe, masinja ya sha rana ya ɗauko masa kula, in ya rage a miƙo wa na waje. Ban taɓa sanin abin da shugabana yake so ko yake ƙi a abinci ba. A tafiyar awa ɗaya da rabi a nan na san wanda mahaifiyarsa ke kwance asibiti, na san wadda ke azumin Kiristocin Otodoks na ranar Laraba da Juma'a. Ita ce ma ta koya mini kalmar da ta fi kowace amfani gare ni, nistisimo, wato abincin azuminsu, wanda babu nama a cikinsa. Da ita nake sayen dolmades, shinkafa naɗe a ganyen inabi, hankali kwance, don akwai masu sa masa niƙaƙƙen nama.

Kada ku ɗauka aljanna nake ba ku labari. Hanyar masu tafiya a ƙasa a unguwanni da yawa ƙunci gare ta, 'yan babura su hau kanta su ajiye yadda suka ga dama, dutsen marmara kuma in ya sha yayyafi santsinsa sai ya kai mutum ƙasa. Hayaƙin taba ya ishe ni. Kana cin abinci a waje na kusa da kai yana busa maka. Bangaye duk an ɓata su da rubuce-rubucen fenti. A wasu gidajen abinci a kawo maka burodin da ba ka nema ba, ka gan shi a lissafi. Abincin kuma ba barkono. Man zaitun, lemun tsami, da wani ganye mai ƙamshi, rigani, shi ke nan. Harshen da ya tashi da yajin tsire yana cin suflaki yana jiran wani abu da ba zai zo ba. Ranar da muka ƙare da lukumades, wani fanke ƙanana da ake tsoma wa zuma da kirfa, kewar gida ta taso mini har na kasa gama rabona. Zafi ma akwai shi: a Yulin 2023 sai da hukuma ta riƙa rufe Akrofolis, tsaunin tsoffin gine-ginen tarihi da ke tsakiyar birnin, da tsakar rana, mu ma in bazararsu ta kankama dakatar da fitar ake yi.

Abin da ya fi sosa mini rai yana nan a dandalin Monastiraki, inda muke tsayawa mu ci. Akwai masallaci mai ƙubba da aka gina a 1759 zamanin Daular Usmaniyya, yana tsaye lafiya lau, amma gidan kayan tarihi ne, ba a salla a ciki. Sai a 2020 aka buɗe masallacin da hukuma ta amince da shi a unguwar Botanikos, shi ma ba hasumiya. In azahar ta same ni a tsakiyar tafiyar nan, kunnena yakan nemi kiran salla ya rasa, in tuna yadda a gida ko ina ka juya akwai buta da tabarma da mai ce maka bisimilla.

Yanzu duk Alhamis ɗin da muka bi ta gaban shagon dattijon, yakan ɗago mini hannu daga bayan hayaƙi, ni kuma in tsaya in gaishe shi kafin in wuce wajen ɗan Masar. Na so in kai masa kilishi, amma dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama daga waje, a filin jirgi za a karɓe. Don haka duk wanda ya san mai tahowa Atina nan kusa, don Allah a ba shi ƙullin yajin tsire mai kyau, wanda ya ji ƙuli-ƙuli da citta, ya taho mini da shi. Na yi wa dattijon alkawari zai ɗanɗana.