Boerboel ko Caucasian: wanne ya dace da gadin gida a ƙasa mai zafi?

Masu sayar da karnukan gadi a Abuja da Kaduna suna yawan tallata iri biyu, Boerboel da Caucasian Shepherd, kuma masu saye da yawa girma kawai suke dubawa. Ya kamata a fara da tambayar inda aka samo irin.

Caucasian ɗan tsaunukan Jojiya da Armeniya da Azarbaijan ne, inda yake kare tumaki daga kyarkeci cikin dusar ƙanƙara. Namiji yakan haura kilo 50, gashinsa ninki biyu ne mai kauri. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri wannan gashi azaba ne gare shi, kuma maɓoyar kaska ce. Ga taurin kai: an saba barinsa shi kaɗai da garke yana yanke wa kansa hukunci, don haka ba ya saurin bin umarni. Ban ga dalilin wahalar da dabba haka ba, sai dai ga mazauna wuri mai sanyi kamar Jos ko Mambila.

Boerboel kuwa manoman Afirka ta Kudu ne suka raine shi don tsaron gona da iyali. Gashinsa gajere ne, ya fi jure zafi, amma inuwa da ruwa wajibi ne. Babban namiji yakan kai kilo 70 ko fiye, yana shaƙuwa da mutanen gida, yana kuma tsare baƙo da ido har sai maigida ya nuna ya yarda da shi. Ƙarfin nan nasa shi ne haɗarinsa. Denmak ta haramta kiwonsa a 2010. Dole a hore shi tun yana ɗan kwikwiyo, ya saba da yara da maƙwabta. Kare irin wannan da aka ɗaure da sarƙa yini guda ba a fita da shi, wata rana ɗan aike zai kama, ba ɓarawo ba.

Wanda bai taɓa riƙe babban kare ba, gara ya fara da German Shepherd, mai kilo 30 zuwa 40, wanda ya fi su saurin ɗaukar horo da sauƙin ciyarwa.

Kafin a biya kuɗi, a nemi ganin uwa da uban kwikwiyon, a lura da tafiyarsu, domin ciwon ƙugu gado ne a manyan karnuka. A karɓi katin rigakafi mai sa hannun likitan dabbobi, musamman na cutar parvo mai kashe ƙanana da gudawar jini. Allurar haukan kare kuma ana yinta ne idan ya kai wata 3. Sannan a lissafa kuɗin nama da abincinsa na shekara 10, domin ya ninka farashin saye sau da yawa.