Schubert ko Schumann: da wa za ka fara?

Ɗan'uwa, ka tambaya jiya cewa tsakanin Schubert da Schumann wa ya fi ƙwarewa a waƙoƙin nan na Jamusanci da ake kira Lied, kuma wa ya kamata sabon shiga ya fara saurare. Na daɗe ina jin su duka biyun, bari in faɗi nawa.

Ita Lied ba ta da tarkace: murya ɗaya, fiyano ɗaya, sai baitocin wani marubuci da aka ɗauko aka sa musu kiɗa. Inda mutanen biyu suka raba hanya shi ne aikin da kowa ya ba fiyanon.

Schubert ɗan Viyana ne ta ƙasar Ostiriya. An haife shi a 1797, ya rasu a 1828 yana da shekara 31 kacal, amma ya bar waƙoƙi sama da 600. Shi fiyanonsa wurin da labarin ke faruwa yake nuna maka. Ɗauki Erlkönig da ya tsara a 1815 kan baitocin marubucin Jamus Goethe: uba ne bisa doki cikin dare, rungume da ɗansa, ga wani aljani yana ta yaudarar yaron da daɗin baki. Hannun dama na makaɗin yana ta dukan fiyano babu hutu, tamkar kofato a sukuwa. Mawaƙi guda ke yin murya huɗu, ta mai ba da labari, ta uba, ta yaro da ta aljanin. Can a ƙarshe sukuwar ta tsaya cak, sai a ce maka yaron ya cika a hannun ubansa. Ko ba ka jin Jamusanci, wallahi sai tsigar jikinka ta tashi. Haka Winterreise ta 1827, waƙoƙi 24 kan baitocin Wilhelm Müller, wadda ta ƙare da wani tsoho mai kiɗan bara, ƙafa ba takalmi a kan ƙanƙara, ƙoƙonsa wayam.

Schumann, wanda aka haifa a garin Zwickau na Jamus a 1810, shi labarinsa daban ne. Ya shafe shekaru yawanci kiɗan fiyano zalla yake rubutawa, sai a 1840 waƙoƙi sama da 130 suka ɓalle masa. A shekarar ce ya auri Clara Wieck, bayan sai da aka je kotu saboda mahaifinta ya ƙi. Shi Schumann fiyanonsa abin da baki ya kasa furtawa yake faɗa. A Dichterliebe, waƙoƙi 16 kan baitocin Heine, sau da dama mawaƙin zai yi shiru, fiyanon ya ci gaba shi kaɗai. Waƙar farko ma ba ta sauka ba, a rataye take barin ka, kamar wanda ya yi tambaya yana jiran amsa.

Ni dai a yawa da faɗi, Schubert na ba gaba, duk da cewa Schumann nake nema idan dare ya yi. Ka fara da Erlkönig a muryar mawaƙin Jamus Dietrich Fischer-Dieskau, da fassarar baitocin a gabanka. Idan kunnenka ya saba bin fiyanon, sai ka shiga Dichterliebe, ka ji ta daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, wajen rabin awa ce.