Prometheus da na turo a wani shagon tura fim a Gusau

Jiya bayan la'asar na biya wani shagon tura finafinai nan Tudun Wada, yaron shagon yace yaya ga wani na sararin samaniya ka gwada, ya turo min Prometheus a memori. Hoton tas yake, sauti ma ba laifi, sai dai babu fassarar Hausa, wanga kam ya ban haushi don ƙannena sun so mu kalla tare.

Fim ɗin na 2012 ne, Ridley Scott ya bada umarni, shi ne dai ya yi Alien a 1979, kuma labarin wanga ya faru ne kafin na wancan. Wasu masu bincike suka ga zane a wani kogo a Sikotland, suka ɗauka taswira ce ta zuwa wurin waɗanda suka yi ɗan Adam, suka hau jirgi har wata duniyar da ake kira LV-223 a shekarar 2093. Mu dai mun san daga Annabi Adamu muka fito, don haka a matsayin ƙirƙirarren labari na kalle shi.

Wanda ya fi burge ni David ne, mutum-mutumin da Michael Fassbender ya fito a matsayinsa, yadda yake magana a natse yana murmushi alhali shi ya saka ma Holloway, ɗaya daga cikin masu binciken, wani baƙin ruwa mai haɗari a abin sha, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wurin da Shaw, abokiyar binciken Holloway, ta shiga na'urar tiyata ta ciro wata halitta daga cikinta kuwa kada a bari yara su gani. Kusan awa biyu ne, a cika caji kafin a fara.