Yankakke ko gari? Kafin ka yi odar busassun kayan lambu daga waje

Duk wanda ya tambaye ni irin busasshiyar albasa, tafarnuwa ko karas da zai shigo da su don masana'antarsa, amsata ba ta canzawa: ya sayi yankakke wanda aka busar da iska mai zafi, ya niƙa abinsa da kansa.

A wannan hanyar ana wanke kayan, a fere, a yayyanka, sannan a shimfiɗa su kan bel mai ratsa injin da ke hura iska mai zafi, har danshin ya sauko kusan kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari. Albasa ɗanya kilo 8 zuwa 10 ce ke ba da kilo ɗaya busasshe, shi ya sa kwantena guda ke ɗaukar abin da ya kai amfanin babbar gona. Masu yi suna da yawa, don haka kana da damar ciniki. Gundumar Jinxiang a lardin Shandong na ƙasar Sin ta yi suna a tafarnuwa, garin Mahuva a jihar Gujarat ta Indiya cike yake da masana'antun busar da albasa, Masar ma ta daɗe tana fitar da ita. Amma abin da ya fi ja na shi ne yankakke ba ya ɓoye kansa. Ka zuba tafi guda a farar takarda ƙarƙashin fitila, za ka ga ɓawo, ka ga saiwa, ka ga wanda ya ƙone ya yi ja. Ka ɗauki ɗaya ka karya: in ya ce ƙas, ya bushe, in ya lanƙwashe kamar fata, ya sha laima. Ka jiƙa shi a ruwan ɗumi na ɗan lokaci, ya kumbura ya koma kamannin albasa, ƙamshinsa ya tashi. Ga shi kuma ya fi gari jure ajiya, don gari na saurin zuƙar danshi ya dunƙule, ƙamshin ya gudu.

Wanda ake daskarewa a janye ruwansa a inji marar iska ya fi kyan launi, amma tsada gare shi, ba shi da nauyi sai cin wuri, kuma yana marmashewa a hanya; sai dai mai haɗa miyar kofi ta 'yan gayu. Na shanyar rana kuwa ban ba ka shawara ba: ƙura, kashin tsuntsu da fumfuna, babu mai iya lamunce maka su.

Saura gari, kuma a nan ne na taɓa ƙonewa. Shekarun baya wani dillali ya aiko mini samfurin garin tafarnuwa mai ƙarfi, ga farashi ƙasa da na kowa. Na biya. Ranar da aka buɗe kwantena, garin ya fi samfurin fari da santsi, ƙamshin kuma sai ka kai hanci kusa. Na dama cokali ɗaya a ruwa, na ɗiga aidin, nan take ya rine ya zama shuɗi mai duhu. Aidin na rina sitaci ya zama shuɗi, tafarnuwa kuwa ba ta tara sitaci, saboda haka wannan launin shaidar algus ce ƙarara. Na kira dillalin, ya ce laifin masana'anta ne. Na nemi sunan masana'antar, ya daina ɗaukar waya. Ma'aikatana suka zauna ba aiki, na kasa cika alkawarin da na yi wa abokan ciniki. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja baya.

Kuma kada ka ɗauka aidin ya gama magana. Akwai masu zuba maltodestirin, wani farin gari da ake yi daga sitaci, wanda ba kullum yake nuna launi ba, akwai masu ƙara alli ko niƙaƙƙen ɓawo. Wani algus ɗin ma ya wuce cutar aljihu. A 2003 Faransa ta gano rinin masana'antu mai suna Sudan 1 a garin barkonon da aka shigo da shi daga Indiya, a Fabrairun 2005 kuma Birtaniya ta janye kayan abinci sama da 500 daga kasuwa saboda rinin ya shiga wani sinadarin miya da kamfanoni da dama ke amfani da shi. Yawancinsu ba su taɓa ganin buhun barkonon ba, amma asarar ta hau kansu.

Takardu ma ana buga na jabu. Kowa zai turo maka hoton takardar shaidar kiyaye tsaftar abinci, irin su HACCP, ISO 22000, BRCGS ko FSSC 22000. Kada ka tsaya kan hoton. BRCGS da FSSC suna da rajista a intanet. Ka duba sunan, ka tabbata adireshin na masana'antar da za ta yi maka kaya ne, ba na ofishin ɗan tsakiya ba, kuma wa'adin bai ƙare ba. Takardar sakamakon gwaji dole lambar rukunin kayan da ke kanta ta yi daidai da wadda aka buga a kwali. In ka ga sakamako iri ɗaya sak a kan oda uku, kwafa ake yi ana canza kwanan wata. Ni yanzu sai wani mai zaman kansa ya ɗebi samfuri daga ainihin kwalayen kafin lodi, a kai ɗakin gwaji mai shaidar ƙwarewa ta ISO 17025, sannan in saki ragowar kuɗi. Sayen kwantena kan samfurin da aka aiko a ambulan cinikin biri a sama ne.

Dokokin shigowa sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka hukumar abinci da kwastam na inda kayan za su sauka ne za ka fara tuntuɓa, kafin oda. Busassun kayan lambu suna ƙarƙashin lambar kwastam 0712, amma busasshen barkono yana 0904, kuma kuskuren lamba kaɗai ya isa a riƙe kaya kuɗin jinkiri na hawa. Wasu ƙasashen na neman takardar shaidar lafiyar tsirrai daga ƙasar da kayan suka fito, wasu har da izinin shigowa da rajistar kayan. Katakon da aka ɗora kwalaye a kai yana buƙatar hatimin ISPM 15, mai nuna an kashe ƙwarin da ke cikin katakon. A Amurka, dokar kiyaye lafiyar abinci ta FSMA ta 2011 ta ɗora wa mai shigowa nauyin tantance wanda ya sayar masa, kuma sai an sanar da hukumar abinci da magunguna ta FDA kafin kaya su iso.

Tambayar da sababbin shiga ke mantawa ita ce: da me aka kashe ƙwayoyin cuta? Bushewa ba ta kashe Salmonella, ƙwayar cuta mai sa gudawa da zazzaɓi, wadda ke iya yin watanni a busasshen kaya, shi ya sa ake neman kada a same ta a giram 25. Hanyoyin uku ne: tururi, haskawa da radiyeshan, ko iskar etilin oksaid mai guba. Amurka ta yarda da wannan iskar a wasu kayan, Tarayyar Turai ta hana. A Satumban 2020 Beljiyam ta gano ta a riɗin Indiya, aka yi ta janye dubban kayayyaki a faɗin Turai. Radiyeshan kuma ƙasashe da yawa na tilasta a rubuta shi a jikin kaya. Tururi na iya ɗan dusashe launi, amma ba ya barin sinadari, kuma shi nake zaɓa ko da zan ƙara kuɗi.

A rubuta cikin kwantiragi iyakar danshi, ragowar maganin ƙwari, dalma, gubar fumfuna ta afulatoksin ga barkono, da salfait, sinadarin adana abinci wanda Turai da Amurka ke so a bayyana in ya kai wajen miligiram 10 a kilo. A rubuta wa zai ɗauki asara in aka ƙi kayan a tasha. Marufi ya zama leda biyu a like cikin kwali mai ƙarfi, a rataya jakunkunan tsotse danshi a kwantena, don zufar da rufinta ke yi a teku na ɗiga kan kwalayen sama. Idan kaya suka iso, ka ware samfuri daga kowane rukuni, ka like, ka rubuta lamba da rana, ka adana shi har wa'adin kayan ya wuce.