Buɗewar Italiya ko tsarin Landan ga yaro mai shiga gasar ces

Malam, idan kana tunanin wacce za ka koya wa yaronka cikin waɗannan hanyoyi biyu na fara wasan ces, ka koya masa buɗewar Italiya idan yana wasa da fararen 'ya'ya, ka jinkirta tsarin Landan har sai ya goge.

Littafin da na saya wa 'yata a kan buɗewar Italiya yana nan a hannunmu, har bangonsa ya yage saboda yawan dubawa. A wannan buɗewa soja ya tafi e4 (kowane gida a allon ana kiransa da harafi da lamba), doki f3, bishof kuma c4, inda yake hararar f7, gidan da babu mai tsaronsa a farkon wasa sai sarki kaɗai. A wata gasa ta 'yan ƙasa da shekara 12, abokin karawarta ya fito da dokinsa f6, ita kuma ta kai nata g5. Da ya turo soja d5 ta cinye, sai ya rama da doki maimakon ya kai ɗayan dokin a5, nan take ta sadaukar da dokinta a f7, ta jawo sarkinsa tsakiyar allo. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yadda ta zauna bayan wasan tana faɗin dalilin kowane motsi, domin wannan buɗewa tana tilasta wa yaro lissafi tun daga motsi na huɗu. Kuma ba za ta yi masa kaɗan ba idan ya girma, tun da Gioachino Greco, ɗan wasan ces na Italiya, ya yi nazarinta a ƙarni na 17, Magnus Carlsen kuma ya buga ta da Sergey Karjakin a gasar kambun duniya ta 2016.

Tsarin Landan ba shi da laifi, har Ding Liren ya ci wasa da shi a gasar kambun duniya ta 2023, amma darussansa da na saya sun koya wa yarinyar jera soja a d4, bishof a f4, da sojoji a e3 da c3 ba tare da kallon abokin karawa ba, alhali abokin karawa ya turo soja c5 ya kai sarauniya b6 sun isa su rikita mai hadda.

Ka yi hattara da masu tallar darussa a intanet da alkawarin cin wasa cikin motsi goma. Da yawansu tarkuna ne da suka kwaso kyauta suka canza musu suna, kuma yaron da ya taɓa faɗawa ciki sau ɗaya ba ya sake faɗawa. Kafin ka biya, ka nemi sunan mai koyarwar a jerin 'yan wasa na FIDE, hukumar wasan ces ta duniya, sannan ka gwada motsin da yake tallatawa a Lichess, shafin wasan ces na intanet wanda ba a biyan komai.