Shagon gyaran tsofaffin hotuna: sikanin ɗinsu ya yi, amma sun canza min fuskar kakana

Na daɗe ina son na rubuta wannan don mutane da yawa sun tambaye ni inda na kai hotunan nan da na sa a status bayan sallah. Shagon yana nan Kano wajen titin gidan zoo, cikin jerin masu buga kati da kalanda, ba zan kama suna ba saboda akwai yabo akwai kuma ƙorafi, kuma yaran ba mugaye ba ne, ban so na taɓa musu abinci.

Abin da na kai musu akwatin ƙarfe ne na kakana, mahaifin babanmu, wanda duk gidan muke ce wa Baban Ikko. Akwatin ya fi shekara ashirin a ƙarƙashin gadon Goggo, sai da za a yi mata fenti aka jawo shi, muna buɗewa warin kafur ya bugi kowa. A ciki akwai hotuna 23 baƙi da fari, wasu sun manne da juna, da kati mai hoton jirgi, da wasiƙa ɗaya ta ajami, sai wani ɗan littafi mai kauri kamar fasfo wanda shi ne littafin aikinsa na jirgin ruwa, shi yana ce masa disicaj.

Mutane suna mamaki idan na ce kakana Bakano ne kuma ma'aikacin jirgin ruwa, wai ina Kano ina teku. To gyaɗa ce ta kai shi. Lokacin dalar gyaɗa shi ɗan dako ne, suna loda buhuna a jirgin ƙasa, kuma yawancin gyaɗar nan Apapa take sauka, tashar jiragen ruwa ta Legas, kafin a tsallaka da ita Turai. Wata rana ya ce bari ya bi buhunan ya ga inda suke ƙarewa, ya sauka wajen 'yan uwa Hausawa masu goro a Agege, ya ci gaba da dakonsa a bakin ruwa, har wani kuku ɗan ƙabilar Kru ya ɗauke shi yaron kicin. Mutanen Kru na Laberiya da Saliyo su ne tsofaffin hannu a aikin jirgi a duk gaɓar nan, Bahaushe kuwa ɗaiɗai ne. Tambarin farko a littafinsa 1954 ne, na ƙarshe 1971. Shekara 17 ke nan yana kan ruwa mutumin da har ya rasu bai iya iyo ba, Allah ya jiƙansa.

To mu dawo shago. Na shiga da rana tsaka, akwai sanyin fanka, ba su da wuta amma sola ɗinsu na ja. Yaron da ya karɓe ni ba zai wuce shekara 22 ba, sanye da jesin Libaful, ya ce Anti sannu da zuwa me za a yi miki. Na zazzage masa kayan a kan tebur, abin da ya fara burge ni shi ne bai sa hannu ya fizge hotunan da suka manne ba, ya ce Anti waɗannan sai oga ya zo, in na ja fuskar za ta tafi da ɗayan. Ogan ya zo bayan la'asar, dattijo ne da ya yi zamanin wankin hoto a ɗaki mai duhu, shi ya raba su a hankali cikin kwana biyu, guda ɗaya ne kawai ya ɗan ci gefe. Wannan kaɗai ya isa na ce sun san aiki.

Sikanin ɗin ma babu laifi ko kaɗan. Na ce musu ina son 600 dpi, wato ma'aunin yadda hoton zai fito dalla-dalla, ba su yi min musu ba duk da sun ce yawanci 300 suke yi wa mutane don ya fi sauri. Bambancin a bayyane yake, akwai hoton da aka ɗauka a bayan jirgi su bakwai a tsaye, a takarda ba ka ganin komai sai fararen riguna, amma a kwamfuta da aka zuƙo sai ga rubutu a jikin tayar ceto da ke rataye a bayansu, AUREOL LIVERPOOL, ɓaro-ɓaro. Yaron nan ya miƙe tsaye ya ce Anti wai kakanki ya je Libaful, na ce ya je ya fi sau goma tun ba a haifi babanka ba, ya ce ya shiga Anfield kuwa, na ce mutumin da ke fere dankali a ƙasan jirgi ina ya ga ta ƙwallo.

Aureol ɗin nan jirgin fasinja da wasiƙu ne na kamfanin Elder Dempster, ya fara aiki 1951, yana tashi daga Libaful ya tsaya Las Falmas da Firitawun da Gana sannan ya iso Apapa, tafiyar kamar mako biyu. Shi 'yan boko da yawa na lokacin suka hau zuwa karatu Ingila. A littafin Baban Ikko sunansa ya fito a shafi uku a jere, kowane layi da ranar da ya hau da ranar da aka sallame shi da tashar, sai can ƙarshen layi tambarin V.G. sau biyu, ɗaya na iya aiki ɗaya na hali. Goggo ta ce wannan tambarin shi ne abin alfaharinsa, yana cewa duk wanda kyaftin ya hana wa shi to sai ya sha wuya kafin wani jirgi ya ɗauke shi. Daga 1962 kuma sunayen suka koma namu, Dan Fodio, El Kanemi, jiragen kamfanin jiragen ruwa na Najeriya da aka kafa 1959 aka rufe 1995. Ta ce ranar da ya dawo gida ya ce yana aiki a cikin Dan Fodio sai da tsofaffin unguwa suka taru suna tambaya ko da gaske sunan Shehu ne a jikin jirgi.

A nan ne muka fara samun saɓani da shagon. Da aka gama sikanin littafin, yaron ya ce Anti bari a yi miki laminetin ɗin shafukan don kada su lalace, har ya kunna injin. Wallahi sai da na ɗaga murya. Jama'a kada ku bari a yi wa tsohuwar takarda laminetin, zafi ne da gam, in ya kama ya kama ke nan ba a ɓarewa, tawadar tambari tana iya narkewa, kuma sai an farke ɗinkin littafin kafin a sa shafi ɗaya ɗaya. Ogan ya goyi bayana ya yi masa faɗa, amma da ban tsaya a wajen ba fa da an gama. Wasiƙar ajamin kuma a kife ya yi mata sikanin ya yanke gefen dama wai datti ne, alhali nan ne farkon kowane layi, da na nuna masa ya yi dariya ya ce shi rabonsa da allo tun yana firamare. Ya sake ba tare da ya ƙara kuɗi ba.

Wasiƙar ba doguwa ba ce, kakarmu ya rubuta wa daga Libaful. Bayan gaisuwa da tambayar yara sai ya ce garin nan sanyi ne har ruwa yana daskarewa a bokiti, rana kuma tana faɗuwa tun kafin mutum ya gama la'asar a natse, ya ce alƙibla tana ba shi wahala a teku don jirgi yana juyawa, sai ya roƙi wani mai kula da sitiyari yana nuna masa gabas. Ƙarshenta ya ce ya sayo mata bargo da agogon tebur. Agogon yana nan har yau a ɗakin Goggo, ba ya tafiya.

Babban ƙorafina shi ne abin da suke kira gyara da kala. Suna da shi a jerin farashi, ana biyan kusan ninki uku na sikanin, na ce a yi min guda biyu na gani, hoton fuskarsa na jikin littafin da kuma katin jirgin. Ni na ɗauka da hannu za a bi a cire tsagewa da tabo kamar yadda ake yi da Photoshop. Ashe wata manhaja ce ta waya mai ƙirƙirarriyar basira suke jefa hoton a ciki, minti ɗaya ta fito da shi. Da aka buga aka ba ni na ce kai ya yi kyau, don gaskiya ya yi kyau, fata sumul, ido yana ƙyalli, kamar jiya aka ɗauka. Ni ban san shi yana saurayi ba, ina 'yar shekara tara ya rasu.

Na kai wa Goggo da murnata, ta sa tabarau ta kalla ta daɗe, sai ta miƙo min ta ce wannan ɗan gidan waye. Na ce Goggo Baba ne mana. Ta ce a'a 'yar nan, wannan ba ubana ba ne, ina billensa. Na ɗauko na asalin muka jera, wallahi bille guda da ke kumatunsa na hagu manhajar ta ɗauka tsagewar takarda ce ta shafe shi tas. Wushiryarsa ta toshe ta jera masa haƙora kamar na tallan man goge baki, ta rage masa faɗin hanci, ta haskaka shi ya koma wankan tarwaɗa alhali mutumin baƙi ne wuluk, duk mu jikokinsa shi muka biyo. Ba ta yi kuka ba amma ta yi shiru har na ji kunyar kaina.

Katin jirgin ma haka, an yi wa bututun hayaƙin jan fenti, an mai da jikin jirgin toka-toka. Aureol fari ne, bututunsa rawaya, Goggo ma ta sani don ta ce yana yawan cewa in ya hango rawayan bututun nan daga nesa a Apapa sai gabansa ya faɗi don ya san hutu ya ƙare. Manhajar ba ta san wannan ba, cinta kawai take yi, kuma ba ta gaya maka cinta ta yi.

Na koma washegari na yi musu bayani. Yaron ya ɗan kare kansa ya ce Anti ai kwastomomi haka suke so, wasu ma cewa suke a ƙara musu haske, kuma na yarda da shi don na ga samfurin da suka liƙa a bango, duk tsofaffin mutane ne da fuska iri ɗaya kamar 'yan gida ɗaya. Ogan dai ya karɓi laifi, ya ce Hajiya ki yi haƙuri, ya zauna da kansa ya bi hoton da linzami ya cire tsagewar da ta ratsa hula da kafaɗa kawai ya bar fuskar yadda take, ba kala. Ya ɗauke shi kwana uku, bai karɓi ko sisi a kai ba amma kuɗin na farkon ma ba a mayar min ba, ban kuma matsa ba.

Sauran ƙananan abubuwa, sun ce kwana huɗu ya zama tara, ba sa ɗaga waya sai ka je da ƙafarka. Da farko ta WhatsApp suka turo min hotunan a matsayin hoto, wanda yake matse su ya zubar da duk amfanin 600 ɗin da na biya, sai da na ce a turo a matsayin dokumen, daga baya ma na kai filas aka zuba min. Ku je da filas ɗinku, ku ce a ba ku na asali wanda ba a taɓa ba daban, wanda aka gyara daban. Takardar da suke bugawa mai kyau ce, mara sheƙi na zaɓa, firem ɗinsu kuma tsada, na sayi nawa a kasuwar Sabon Gari. In da taurari ake bayarwa sikanin da raba hotuna biyar ne, gyara da kala ɗaya, shi ma don ogan ya gyara kuskuren.

Wani abu da na gano ina cikin binciken sunan jirgin a intanet, bayan ya daina zuwa Legas a 1974 an sayar da shi aka canza masa suna aka kai shi Jidda ya zama masaukin ma'aikata. Baban Ikko ya yi hajji 1977 ta jirgin sama, a Jidda ya sauka. Na gaya wa Goggo ta ce to da ya sani ai da sai ya bar ayarinsu ya tafi bakin ruwa, don har ya tsufa in ya ga babban kicin a gidan biki sai ya leƙa ya ce ba a jera tukwane haka.

Yanzu wanda ogan ya gyara da hannu yana rataye a ɗakinta saman agogon. Mai kalar ta ce na tafi da shi duk inda zan kai shi, yana cikin durowata ban san yadda zan yi da shi ba. Cikin su bakwai ɗin nan na bayan jirgi kuma akwai wani dogo mai hula zanna da ya dafa kafaɗar Baba, a bayan hoton an rubuta da ajami abokina mutumin Yarwa, ba suna, Goggo ta ce ta tuna ya taɓa kwana gidanmu sau ɗaya da kifi busasshe a buhu. Zan koma shagon ranar Asabar a zuƙo min fuskarsa kaɗai a buga, sikanin zalla, na riga na gaya wa yaron kada ya kusanto da wayarsa.